Gyambon Baba ya ƙi rufewa, mu sayi takalmin asibiti ko mi?

Wata ƴar'uwa daga nan Tawa ta turo tambaya, ta ce mahaifinta na da ciwon sukari yau shekara 11, kuma wata 4 kenan wani miki ya fito masa a tafin ƙafar dama daidai gindin babban yatsa, kullum ana wankewa ana ɗaurewa amma ya ƙi rufewa, shi kuma Baba ya ce ko kaɗan ba ya masa zafi, har kasuwa yake zuwa abinsa. To wani ya ce musu akwai takalmin masu sukari a Yamai, jika 60, in ya sa zai warke. Tana tambaya ko su tura kuɗin.

Ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya. Kar ku tura kuɗin nan tukuna. Takalmin yana da ranarsa kuma in ranar ta zo ni da kaina zan ce ku saya ko da bashi ne, amma miki yana buɗe a tafin ƙafa, takalmi kawai ba ya rufe shi, na shekara da shekaru ina wankin irin wannan mikin kuma na ga gidaje da yawa da suka kashe kuɗinsu a kan takalmi mai tsada suka dawo bayan wata biyu ramin ya ƙara zurfi.

Maganar da ta fi tayar min da hankali a saƙonki ita ce "ba ya masa zafi". Ku a gida kuna jin wannan kamar sauƙi ne, mu kuma a wajenmu shi ne asalin cutar. Sukari in ya daɗe yana hawa cikin jini, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi yake lalatawa, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa ya yi sama. Ni da ke in ƴar tsakuwa ta shiga mana takalmi taku biyu za mu yi mu tsaya mu kakkaɓe, in ƙarangiya ta kama mu sai mun zauna mun cire. Baba zai yini da ita bai sani ba. Akwai wani dattijo da aka kawo min, miki a dunduniya, iyalinsa duk sun rantse bai taka komai ba, na ce a miƙo min takalmin, na zura hannu sai na ji kan ƙusa, ashe an kai takalmin gyara ne mai gyaran ya buga ƙusa ta ɓullo ta ciki, kusan sati biyu bawan Allah nan yana tafiya a kanta. Da na nuna masa shiru ya yi yana kallon ƙusar, ya ce wallahi ɗana ban ji ba. Kuma gaskiya ya faɗa.

Ba zafi kaɗai ke tafiya ba. Ƙananan naman da ke riƙe da yatsu suna saki, yatsun su lanƙwashe, kitsen da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin gindin yatsu kamar matashi ya goce gaba, sai ƙashi ya zauna kai tsaye bisa fata. Ƙafar ta daina gumi, ga kaushi ga faso. Wurin da ƙashin ke dannawa sai ya yi kanta, kantar nan ita kanta ta zama kamar tsakuwa a cikin fata, jini ya taru ƙarƙashinta, wata rana ta fashe ku ga rami. Kenan ramin da kike gani nauyin jikin Baba ne ya haƙa shi, taku bayan taku, kuma duk sabon naman da ya fara tsirowa da dare, da safe in ya taka zuwa kasuwa ya murje shi. Kamar mai shuka gero ne a tsakiyar burtali, ko wane irin iri gare shi ko nawa ruwan sama ya zuba, shanu za su bi ta kai. Shi ya sa wankin kullum bai yi muku aiki ba, ba wai mai wankin bai iya ba ne.

To abin da ke rufe irin wannan mikin shi ne a ɗauke masa nauyi gaba ɗaya, dare da rana. Akwai ƙungiyar ƙwararru ta duniya da ke fitar da ƙa'idoji kan ƙafar masu sukari, IWGDF, a wanda suka sabunta a 2023 abin da suka sa a gaba shi ne na'urar da ke kaiwa har ƙasan gwiwa wadda marar lafiya ba zai iya cirewa da kansa ba. Iri biyu ce. Ko dai filasta, wannan da mutane ke ce ma siminti, amma ba irin na karaya ba, ana naɗa shi ya kwanta daidai da sifar ƙafa da ƙwauri ta yadda nauyin zai watsu ko'ina maimakon ya taru wuri guda, ana buɗewa kusan duk sati a duba mikin a wanke a sake sabo. Ko kuma wani dogon takalmin roba mai tauri da maɗaurai, a sa masa sannan a naɗe shi ta waje da bandeji mai ƙarfi yadda ba zai kwance ba.

Kin san mi ya sa aka nace sai wanda ba ya ciruwa? An yi wani bincike a Amurka a 2001, David Armstrong da abokan aikinsa, suka raba masu irin wannan miki kashi uku. Cikin sati 12, masu filasta kusan 90 cikin 100 sun warke, masu dogon takalmin da ake cirewa 65, masu rabin takalmi 58. Abin mamakin shi ne dogon takalmin nan yana sauke nauyi kusan daidai da filastan in yana ƙafa. Sai a 2003 suka bi sawu suka ƙirga takun mutane, suka tarar wanda aka ba mai ciruwa, cikin duk takun da yake yi a yini kashi 28 cikin 100 kawai yake yi da shi a ƙafa. Kuma ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan, abu ne mai nauyi, ga zafi, mutum ya tashi cikin dare zai zagaya bayi ya ce ai taku goma ne, zai shiga ɗaki ya ɗauko carbi ya ce ai nan da nan ne, ƙafar kuma ba ta yi masa ƙara. Takun goman nan su ke warware aikin yini guda.

Dabarar filastan ma ba daga masu sukari ta fara ba, daga masu cutar kuturta ce, domin su ma jin zafi ne ke ɗauke musu. Wani lokotoro ɗan Ingila, Paul Brand, da ya yi aiki a Indiya a shekarun 1950, shi ya yi ta nuna ma duniya cewa ba cutar ce ke cinye ƙafa kai tsaye ba, taka ƙafar da ba ta ji ne ke cinye ta, daga baya ya koma Amurka aka ɗauki dabarar aka kai wa masu sukari. Na kawo wannan ne don ki san a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne, wuraren da suka daɗe suna kula da masu kuturta kamar Danja kusa da Maraɗi sun san ƙafar da ba ta ji sarai, sun san takalmi mai shimfiɗar roba mai laushi tun kafin sukari ya yi yawa haka a cikinmu.

Amma fa ki ji da kyau, ba kowace ƙafa ake rufewa cikin filasta ba, kuma ba kowa ya iya naɗa shi ba, in aka naɗa ba daidai ba shi da kansa zai goge fata ya buɗe sabon miki Baba bai ji ba. Kar ku kai shi wajen mai ɗori, wannan ba aikinsa ba ne. Kafin a yi maganar kowace na'ura sai lokotoro ya duba ko jini na isa ƙafar, zai taɓa bugun jijiya a bayan ƙafa da bayan idon sawu, in bai ji da kyau ba sai a auna gudun jinin da na'urar da ake ce ma dofila, domin ƙafar da jini ba ya kai mata ko an ɗauke mata nauyi ba ta warkewa sai an nemi hanyar buɗe jijiyar. Sai ya duba ko ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma ya zura wani siririn ƙarfe mai tsabta cikin ramin ya ji ko yana taɓa ƙashi, in ya taɓa to sai an yi hoton ƙashi, radiyo kenan, kuma maganin antibiyotik ɗin zai ɗauki makonni. Miki mai wata 4 a gindin babban yatsa dole a yi masa wannan gwajin, ki roƙa a yi. In akwai ruɓa mai ƙarfi ko jini ya yi ƙaranci sosai, ba a rufe ƙafar, ana ba shi mai ciruwa don a riƙa gani kullum.

Kuma in kika ga ɗaya daga cikin waɗannan kar ki jira safiya: ƙafar ta kumbura ta yi ja jan yana hawa sama, wari, mugunya, yatsa ya fara baƙi, zazzaɓi ko rawar ɗari, ko sukarinsa ya haura ya ƙi sauka ba dalili. A ɗauke shi a mota ko a kan kabu-kabu ƙafar ba ta taɓa ƙasa ba, a kai babban asibitin Tawa a daren. Kwana biyu na jinkiri a irin wannan yakan zama bambancin yanke yatsa da yanke ƙafa. Haka in ƙafar ta kumbura ta yi zafi in an taɓa fiye da ɗayar, ko ba miki, wannan ma na gaggawa ne, ƙasusuwan cikin ƙafa ne ke iya rugujewa a hankali shi yana ta takawa.

Yanzu na san za ki ce to in ba a samu mai naɗa filastan a kusa ba fa. Ku fara tambaya nan Tawa, in babu ku tambayi asibitin Galmi, in kuma za ku Yamai to kuɗin nan jika 60 gara su zama kuɗin mota da ganin lokotoron sukari da masu haɗa ƙafar roba da takalman gyara na babban asibitin ƙasa, su ga ƙafar da idonsu, a kan a aiko muku da takalmi cikin kwali wanda ba a auna da ƙafarsa ba. In duk bai samu ba akwai na ƙasa da shi. Dogon takalmin mai ciruwa, da sharaɗin ba ya taka ƙasa ko sau ɗaya ba tare da shi ba. Ko rabin takalmi, wanda masu faransanci ke ce ma takalmin Baruk, tudu ne a dunduniya gaban kuma a sake yadda gindin yatsu ba ya taɓa ƙasa, ya dace da wurin da mikin Baba yake, sai dai yana sa tangaɗi, dattijo sai da sanda, kuma a ƙara ma takalmin ɗayar ƙafar tsayi don kada ƙugu da baya su kama ciwo, kada kuma lafiyayyar ƙafar ta ɗauki nauyin da zai fasa ta ita ma. Na ƙarshe wanda muke yi in ba komai a hannu, ana samun soso mai kauri a yanke shi daidai tafin ƙafa a fafe gurbin mikin, a manna shi a fata yadda gefe zai ɗauki nauyi ramin ya zauna a sarari, a sa cikin takalmi mai faɗi, ana canzawa bayan ƴan kwanaki domin yana lotsewa. Ma'aikacin lafiya ne zai yanka, in aka yanka shi zobe ƙarami ya matse bakin mikin ɓarna yake ƙarawa.

Kowanne aka samu, kasuwa ta tsaya tukuna. Na san wannan ita ce magana mafi nauyi, mutum ya saba shi ke fita ya nemo, ka ce masa ya zauna wata biyu ko uku, kuma ƙafar ba ta masa ciwo, sai ya ga kamar an mayar da shi marar amfani. Ku zauna da yayyenki maza ku tsara wa zai riƙe masa rumfar, a riƙa kawo masa lissafi gida da yamma yana dubawa, abokansa su riƙa zuwa hira ƙofar gida. Kar ki je masa da faɗa, ki ce Baba wata uku muke roƙo don mu samu shekaru kana takawa da ƙafarka. In akwai wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko liman, a sa shi cikin maganar.

Sai sallah, domin ita ce tambayar farko da dattawanmu ke yi min. A sujada yatsu na lanƙwashewa nauyi ya sauka daidai gindin babban yatsa, wurin mikin Baba kenan, sau da yawa a yini. Ya yi sallarsa a zaune bisa kujera har ya warke, addini ya ba marar lafiya wannan sauƙin, haka shafa a kan ɗauri maimakon wanke ƙafar, ku tambayi malaminku ya yi masa bayani da bakinsa don hankalinsa ya kwanta. Ruwa kada ya taɓa filasta ko bandejin, wajen wanka a naɗe da leda a ɗora ƙafar bisa kujera.

Kantar da ke zagaye da mikin dole a riƙa fere ta, amma a asibiti da wuƙar asibiti. Ban da wanzami, ban da reza a gida, ban da jiƙa ƙafa cikin ruwan zafi da gishiri ko kanwa, mutumin da ba ya jin zafi ruwa zai dafa masa fata yana zaune yana hira. Ban da barbaɗa garin kafso ko toka ko garin itace cikin ramin. Sukarin kuma a riƙe shi, ya sha maganinsa kan lokaci, in lokotoro ya ce a koma allurar insilin na ɗan lokaci kada a ji tsoro, shayin fada mai sukari a ajiye, taba in yana sha a bari domin tana ƙara toshe jijiyoyin jini. Ku riƙa auna mikin duk sati, ki ɗora ƴar rula gefensa ki ɗauki hoto da waya. In bayan sati 4 ana ɗauke nauyi da gaske bai ragu da kamar rabi ba, akwai abin da aka tsallake, a koma a sake duba jini da ƙashi.

To ranar da ya rufe, nan ne takalminku ya shigo, kuma daga ranar har iyakar rayuwa. Fatar da ta rufe sabuwa ce, siririya, ƙashin da ya haƙa ramin yana nan inda yake, jin zafin kuma bai dawo ba. Alƙaluman da aka tattara sun nuna kusan 40 cikin 100 na waɗanda suka warke miki na dawo musu cikin shekara guda, cikin shekara 5 kusan 65. Mafi yawan waɗanda na gani sun dawo, silifa suka koma sawa sati biyu da sallamarsu.

Takalmin kirki ba a gane shi da tsada ko da rubutun da ke jikin kwali. Abin da ke aiki shi ne shimfiɗar ciki, wadda ake aunawa da ƙafar mutum, a ɗauki sawunsa, a yi ta da roba hawa-hawa mai laushi a sama mai ɗan ƙarfi a ƙasa, a tallafi tsakiyar tafin ƙafa a sassauta wurin tsohon mikin. Takalmin kansa ya zama mai zurfi don shimfiɗar ta shiga ba tare da yatsu sun gogi sama ba, gabansa mai faɗi, cikinsa ba ɗinki mai tudu, ƙasansa mai tauri wanda ba ya lanƙwashewa kuma gabansa ya ɗan ɗaga kamar ƙasan kwalekwale, yadda in ya taka ƙafar za ta mirgina ta wuce ba sai gindin yatsu ya tokare ba. Ya kasance da igiya ko maɗauri, tsayinsa ta ciki ya fi ƙafar da santimita 1 zuwa 2. Kar ki tambayi Baba ko ya matse shi, zai ce daidai ne, masu wannan lalurar ma sun fi son matsattse domin shi ne suke ɗan ji a ƙafa. Ki sa shi ya tsaya bisa kwali da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki zagaye ƙafar da biro, ki yanke, ki zura kwalin cikin takalmin, in gefensa ya naɗe to takalmin ya yi kaɗan. Ranar farko awa 1 ko 2 kawai zai sa, a cire a duba, duk inda ya yi ja jan bai baje ba a mayar a gyara. Shimfiɗar kuma tana mutuwa, duk wata 3 zuwa 6 a kai a duba ta.

Ina sane da zafin garin nan, a watan Afrilu da Mayu ka ce ma mutum ya yini cikin rufaffen takalmi da safa ba ƙaramin abu ba ne, kuma in abin ya gallabe shi cirewa zai yi. Shi ya sa nake ce ma mutane a yi biyu, rufaffe na fita, da na gida mai iska wanda ke da maɗauri ta bayan dunduniya da rufi a kan yatsu da irin shimfiɗar nan a ciki, domin yawancin takun dattijo a cikin gida yake yinsa. Dukawanmu na Tawa hannunsu na da kyau, in mai ilimin ƙafa ya yi shimfiɗar ya ba su awo suna iya ɗinka jikin da fata mai laushi, a gaya musu ba ƙusa ko ɗaya, ɗinki ta waje. Silifa mai igiya tsakanin yatsu da takalmin roba na kasuwa da balka mai buɗaɗɗen baya duk a ba yara. Masallaci ya tafi da safa mai kauri ya ajiye takalmin dab da bakin tabarma, simintin harabar masallaci da azahar na ƙona tafin ƙafa kafin a kai sahu, na wanke irin wannan ƙunar ba sau ɗaya ba. Da ɗari kuma a nisanta masa kaskon wuta, a kan babur a kula da salansa.

Safa fara ta fi, in wani abu ya fashe za ki ga tabo. Kullum da safe a zura hannu cikin takalmin a kakkaɓe, kullum da dare wani mai ido ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitila, a shafa mai a kaushi amma ban da tsakanin yatsu, can a tsane shi sosai bayan alwala. Kuma tun yau, kafin ku je ko'ina, ki duba ɗayar ƙafar ta hagu da kyau, ki duba takalmin da yake sawa yanzu ki ga inda ya fi cinyewa, ki tafi da shi asibitin tare da takardun magungunansa da awon sukarinsa na baya-bayan nan, lokotoron zai so ya gani.